Jemagen da Yaya Ya Kawo

Ajiye wayar nan, Maman Biyu, kar ki ƙara nuna min hotonta. Na san ta ciki da bai, har warinta na sani. Kwamfutar nan da ake lanƙwashewa baya ta koma allon shafawa, wai biyu a ɗaya, wai kuma ga araha. Ke kina tambaya ko ki saya wa 'yarki, ni kuwa ko a kyauta ba na son ta. Miƙo min almakashin can ki jawo kujera. Labulen nan ba gudu zai yi ba, mai shi ma sai jibi za ta zo.

Ba ki san Malam ba kafin ciwo, shi ya sa. Ke da kika fara aiki a shagon nan a keken marasa lafiya kika same shi, baki a karkace. Mijina malamin tuƙi ne, kuma bakinsa ne jarinsa. Daga ƙarshen layi za ki jiyo shi cikin motar koyo: “Burki na ce! Burki, ba totur ba! Baiwar Allah, in kin gaji da duniya ni ban gaji ba!” A gida ma haka yake. In ya ɗauko labari sai shayi ya huce, a ɗumama, ya sake hucewa. Nakan ce masa, “Malam, wai bakin nan naka ba shi da burki ne?” Sai ya ce ai shi ya sa ya auro burkin hannu ya ajiye a gida.

Wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi ya kife. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ta bi su. Hankalinsa kuwa ras yake, yana jin komai, yana gane komai, karatu ma yana yi. Amma in ya buɗe baki sai wani sauti ya fito haɗe da yawu, shi ke nan. Kansa kuma ya kama 'yar rawa, ta yadda baƙo ba zai bambance e ɗinsa da a'arsa ba. Ni ina bambancewa. Wadda ta kwana ɗaki ɗaya da mutum shekara da shekaru ba ta neman tafinta.

Tun muna asibiti Yaya ya fara. Yaya shi ne babban wan Malam, mai shagon fenti, mutumin da ba a taɓa faɗin wani abu bai riga ya sani ba. Ya ce da an sallame mu Malam gidansa zai koma. Wai mace ɗaya ba za ta iya ba, wai ina fita aiki, wai shi yana da ɗaki a bayan gareji. Na san ɗakin. Na kuma san Hajiya, matarsa, wadda ko gaisuwa ta zo sai ta ja mayafi ta rufe hanci tun daga bakin ƙofa. Za su ajiye shi gaban talabijin, su tura masa abinci, yawu ya bushe masa a haɓa har yamma. Na rage aikina ya koma rabin wuni, na roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙa shi, na ce wa Yaya ina iyawa. Ya ce a gwada a gani. Tun daga ranar abu ɗaya nake tsoro a duniya: a zo a ɗauke min shi.

Likitar da ke koya masa magana ce ta kawo shawarar allo. Ta ce a samo masa irin na shafawa, mai manyan haruffa da hotuna, ya riƙa taɓawa da hannun hagu, tunda biro ya ƙi zama a yatsunsa. Ta ce ta haka zai faɗi abin da yake so da kansa, ba sai an yi ta yanke masa hukunci a kansa ba. Kafin in buɗe baki Yaya ya ce, “Ku bar min wannan.”

Ya shigo da kwamfutar nan a kwali, yana tafe kamar wanda ya ciwo gasa. Ya buɗe ta a kan teburin falo. “Kun ga laftof ko? To ku duba.” Ya kama fuskar ya tura ta baya, ta yi wata ƙara ƙiii, har ta kwanta a bayan madannan. “Kun ga allo. Biyu a ɗaya. Mai shagon ya ce masu tsadar nan ma suna kawai ake saya, kayan cikin duk ɗaya ne.” Ya sake lanƙwasa ta ta tsaya kamar bukka, ya sake miƙar da ita, yana kallona wai in yaba.

A raina na ce araha ba ta ado. Amma sai na dubi Malam. Ya ɗora hannun hagu a kan gilashin yana shafawa a hankali, rabin bakinsa mai rai ya ɗaga. Tun da ya kwanta ban ga wannan murmushin ba. Bakinsa ya ga an kawo masa a kwali. Na haɗiye maganata na ce, “Allah Ya saka da alheri, Yaya.” Kuma na ƙudura a raina ba zan taɓa kushe ta a gaban Malam ba.

Maman Biyu, ba a yi nisa ba ta fara nuna hali. Batir ɗinta in kin zare caja, kafin ki dawo daga kicin ya mutu, don haka dole gadon Malam ya koma jikin soket. Zafi kuwa kamar dutsen guga, sai na shimfiɗa masa tawul a cinya. Fankar cikinta tana wani nishi, huu, huu, kamar tsohon da ya hau bene. Ƙugunta, wurin da take lanƙwashewar, ya saki, in kin tsayar da ita sai ta yi baya luu ta kwanta, sai an tokare ta da matashi. In an naɗe ta ta koma allo, madannan da ya kamata su mutu ba sa mutuwa, suna ƙasa suna danna kansu a kan gwiwarsa. Rannan Hajiya ta zo ta ga layin haruffa ba kai ba gindi, ta ce, “Allah sarki, addu'a yake rubutawa.” Na ce mata gwiwarsa ce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ki tuna in an naɗe ta madannan ne a ƙasa, su ne ke zama a kan tiren abincinsa. Shayi ya zube, su sha. Miya ta ɗiga, su sha. Ɓarɓashin burodi, yawun da ke zubo masa in ya sunkuya, duk su bi ramukan su shige. Sai zafin nan nata ya dafa su. Wallahi wani wari take yi, na madarar da ta kwana a rufe, haɗe da ƙaurin roba. Kullum in na dawo sai na zauna da tsinken sakace da auduga ina tono wani baƙin abu mai danƙo daga tsakanin haruffa. Jikin mijina na wanke, na canza masa shimfiɗa, na goge masa baki sau ba adadi, ban taɓa jin ƙyama ba ko sau ɗaya. Amma wannan abar, in na taɓa ta sai na wanke hannu da sabulu har wuyan hannu.

Sannan babban abin: gilashin. Ɓarin dama ya daina jin taɓi. Kina gani hoto na nan tas, amma ki danna har yatsa ya yi fari, ko a jikinta. Hagu kaɗai ke amsawa, shi ma sai ya ga dama. Na kai wa mai gyara, ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni. Ya ce gilashin da allon a manne suke, in za a canza gara a sayi wata. Na gaya wa Yaya. Ya ce hannuna ne da maiƙon keken ɗinki.

Ƙanwata Auta kaɗai nake sauke wa. Ita ce ma ta raɗa mata suna, ranar da ta gan ta a rataye kanta ƙasa a kan matashi. Ta ce, “Anti, wannan ai jemage ne. Shi ba tsuntsu ba, shi ba ɓera ba.” Muka yi dariya a kicin har da hawaye, muna toshe baki kar Malam ya ji. Daga ranar ta zama Jemage. To ki lura da nan, don a nan gizo ke saƙar. Kwamfuta ita ce. Jemage kuwa shi ne. Da sunan ya canza sai bakina ya bi, na daina cewa ta lalace, na koma cewa ya lalace. Malam kuma bai san da wani Jemage ba, tunda ɓoye masa muka yi.

Wata rana da la'asar na dawo a gajiye, wata mata ta sa na warware kalmasar labule takwas... kai, bar lissafin, ta dai sha min kai. Na tarar shayi ya sake zubewa, abin ya kashe kansa, ya ƙi tashi, ga warin ya cika ɗakin. Malam idonsa a rufe, na ɗauka barci yake. Na kwaso abin na fito kicin, ƙofar ɗakin a buɗe don in ji motsinsa. Sai ga kiran Auta. Ta ce, “Ya mutumin naki?” Ita Jemage take nufi, ni ma na san shi take nufi. Ai kuwa na buɗe baki.

Na ce, “Auta, ya ishe ni. Wallahi ya ishe ni. Rabinsa a mace, ɗaya rabin ma sai ya ga dama. Ko zama ba ya iya yi sai an tokare shi da matashi. Daga nishi sai zafi. Kullum cikin goge shi nake, ga wari, in na taɓa shi har zuciyata tashi take. Ni ban ga amfaninsa ba. Yaya ya zo ya ɗauki abinsa, na huta.”

Auta tana ta dariya a kunnena. Na ajiye waya na ji sanyi a raina, na ci gaba da sakace haruffa.

Daga wannan yammacin Malam ya canza. Na kawo abinci ya kau da kai. Na ɗauko hankici zan goge masa baki, ya sa hannun hagu ya ture nawa, ya goge da hannun rigarsa, yana shafe rabi yana barin rabi. In zan juya shi sai ya ƙanƙame jiki, ya rufe ido har in gama. Ya daina kallona sam. Da na shigo sai ya mayar da fuska bango. Na ce ko sabon maganin ne. Na ce ko takaicin kwamfutar ne ya taru masa, na ƙara tsine mata a raina. Na yi masa tsiyar da muka saba, na ce, “Malam, yau kuma burkin ne ya kama gaba ɗaya?” Ko gezau. Amma in maƙwabciya ta kawo masa ruwa yana karɓa. Wannan ya ci min rai, har na yi kuka a banɗaki, na wanke fuska na fito.

Ana cikin haka Yaya ya zo duba shi, ya ga ya rame, ya ga abinci a rufe ba a taɓa ba. Ya juya ya tafi. Ranar hutu da hantsi sai ga mota a ƙofar gida, an kwantar da kujerar baya, an shimfiɗa bargo. Ya shigo da Hajiya, mayafi a hanci.

Ya ce, “Na ba ki lokaci, kin gwada. Dubi yadda ɗan'uwana ya koma. Yau zan tafi da shi.”

Na ce, “Yaya, da girmanka, ba buhun siminti ba ne da za a ɗauka. Likita ta ce a tambaye shi.”

“Za a tambaye shi. Amma ba da kai ba, don kan nan nasa ke kaɗai kike fassara shi yadda kika ga dama. Ga na'ura na saya, ita ba ta son kai.”

Ya ɗauko ta da kansa, ya naɗe, ya ɗora wa Malam a cinya. Akwai wani shafi da likitar ta sa masa, manyan gidaje biyu: E a hagu, kore, A'A a dama, ja. In ka taɓa ɗaya sai ya yi haske, wata murya ta faɗa. Yaya ya sunkuya yana ɗaga murya kamar Malam kurma ne. “Ƙanena, za ka bi ni gidana?”

Malam ya ɗaga hannun hagu, ya ɗora a kan kore. Muryar nan ta ce, “E.”

Hajiya ta ce, “To, alhamdulillahi.” Ta fara naɗe bargonsa.

Ni kuwa dariya ce ta ƙwace min, ta mugunta. Na ce, “Ajiye bargon nan, Hajiya. Yaya, taɓa jan nan. Taɓa mana.” Ya taɓa. Shiru. Ya danna da babban yatsa, ya goge a riga ya sake dannawa. Shiru. Na ce, “Ka gani? A'a ɗin a ɓarin da ya mutu yake. Na'urarka da ba ta son kai, e kaɗai ta iya. Ko cewa ka yi a jefa shi rijiya, e za ta ce. Mutum ya ga ɗaya ba ya aiki, ai dole ya taɓa ɗayan don a san yana ji.”

Yaya ya fara kame-kame. Na fizge ta na juya ta, sama ya koma ƙasa. Ta tsaya tana tunani, tana nishi, sannan hoton ya juyo ya daidaita. Yanzu A'A ne ya faɗa ɓarin mai rai, E ya koma kan mataccen. Na mayar masa a cinya, ƙirjina a buɗe, na ce, “Yanzu tambaye shi.”

Yaya ya sake tambaya.

Malam ya ɗaga hannu. Ya wuce jan, ya wuce shi sarai, ya ɗora yatsa a kan kore. Ba haske, ba murya. Ya sake dannawa. Ya sake. Yana dannawa gilashin na lotsawa, yawu na ɗiga a kan hannunsa, bai daina ba. Na'urar ba ta ce komai ba, amma duk wanda ke ɗakin ya ga inda yatsan yake.

Maman Biyu, sai na zauna a bakin gado. Na ce, “Malam?” Bai dube ni ba. Na ce, “Malam, me na yi maka? Tafiya za ka yi ka bar ni? Don girman Allah ka gaya min me na yi.”

Yaya ya ce, “Ai ya gama magana. Hajiya, ɗauko magungunan.”

Sai Malam ya kama gefen abin yana ƙoƙarin buɗe shi da hannu ɗaya. Na gane madannan yake so. Na warware masa, fuskar ta yi baya za ta kwanta, na tare da hannuna. Ya fara neman haruffa da yatsa ɗaya. Wasu sai ya danna da ƙarfi saboda danƙon da ke ƙarƙashinsu. Fankar tana ta huu, huu. Ina kallon haruffan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya.

rabinsa a mace

Ya huta, ya ja numfashi, ya ci gaba.

ga wari

yaya ya dauki abinsa

Na karanta, na sake karantawa. Na ji muryata a ciki, har da inda na ja numfashi. Kicin, ƙofa a buɗe, idonsa a rufe. Innalillahi! Duk kwanakin nan mutumin nan yana kwance da maganar nan a ƙirji, ba shi da bakin da zai tambaye ni, ni kuma ina zuwa masa da hankici da tsiya.

Na ce, “Ba kai ba ne! Malam, wallahi tallahi ba kai ba ne! Wannan nake nufi, wannan ƙazamin abin!” Na girgiza ta har fuskar ta kusa cirewa. Ya dube ta, ya kau da kai. Ina zai yarda? Ya ji da kunnensa ana cewa shi, shi, shi. Kwamfuta kuwa ita ce.

Hajiya ta leƙo ta karanta, ta ce, “Ikon Allah. Ashe haka ake yi masa.” Ban ko kalle ta ba. Na ɗauko waya na kira Auta, na sa a sifika na ajiye a kan bargo. Na ce, “Auta, Yaya ya zo ɗaukar...” Ban ƙarasa ba ta cafe.

“Ya zo ɗaukar shi? Kai, barka! Anti kin huta da wari. A buɗe tagogi.”

Na ga idon Malam ya rufe. Na daka mata tsawa, “Ke dalla rufe min baki! Wa za a ɗauka? Faɗi sunansa! Kowa na jin ki!”

Ta ce, “Jemage mana. Lafiya?”

“Wane ne Jemage?”

“Anti, yau kuma? Kwamfutar nan ta Malam mai lanƙwashewa, ta bagas ɗin nan da Yayansa ya kwaso, wadda rabin gilashinta ya mutu. Ba ke kika ce kar a faɗa gabansa ba don yana son ta? Wai me ya faru ne?”

Na kashe wayar. Yaya ya yi gyaran murya, ya ce shi dai da zuciya ɗaya ya saya, kuma mai shagon ya rantse masa.

Malam ya buɗe ido. Ya dubi abin da ke cinyarsa, a tokare da hannuna, yana nishi, ɓari ɗaya a mace. Ya daɗe yana kallonsa. Sai wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, kafaɗarsa ta hagu tana girgiza. Na ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce, hawaye na bin ta. Ya miƙa yatsa ya sake rubutu.

ni ma rabi ne

Na ce, “Na sani. Rabin da ya rage ya ishe ni.” Da na ji abin da ya fito daga bakina sai na yi maza na ce, “Ba irin wancan ya ishe ni ɗin ba, Malam! Ya wadace ni nake nufi, ya yi min, ba na neman ƙari!” Ya sake girgiza da dariyar nan tasa mai ciwo. Baki dai shi ke yanka wuya, nawa kuwa ya kusa yanka na mutum biyu.

Yaya ya ce, “To, yanzu dai a sake tambayarsa a na'ura, a san matsaya.” Ya miƙo hannu zai naɗe ta. Malam ya sa bayan hannunsa ya ture ta daga cinyarsa. Ta zame ta bi bargo ta faɗi ƙasa, caja ta zare, ta mutu nan take. Sannan ya juyo gare ni. Yawu ya taru masa a gefen baki yana shirin gangarowa. Ya ɗago haɓarsa ya miƙo min, kamar yadda yake yi da.

Na ciro hankici na goge masa.

Hajiya ta ajiye ledar magunguna a kan tebur. Yaya ya sunkuya ya ɗauki abinsa da yatsa biyu, ya kai kusa da hanci, ya nisanta shi da sauri. Ya fita da shi bai yi sallama ba. Na ji suna ta fama da kujerar baya kafin ta miƙe.

Yanzu allon katako ne da shi, ɗan ƙarami, na rubuta haruffa manya-manya da fentin da Yayan ya aiko, yana nunawa da yatsa ina haɗawa. Likitar ta ce a nemi allon shafawa na kirki in hali ya yi, kuma za a nema. Jiya ma ya nuna min b, u, r, k, i, don na cika masa kunne da labarin matar nan mai kalmasa.

To kin tambaye ni ko ki saya. Kar ki saya. In laftof yarinyar take so, saya mata laftof ko da ta hannu ce. In allo take so, saya mata allo. Abin da ya ce miki shi biyu ne a kuɗin rabin ɗaya, ƙarya yake, kuma ba ki san inda ƙaryar za ta fashe ba. Ni a ɗakin mijina ta fashe.

Ya yarda da ni, Maman Biyu, ya san ba shi nake nufi ba. Yana cin abincina, yana yi min dariya. Amma maganar ta riga ta kwana a cikinsa. Har yau in na ɗauko hankici na nufo bakinsa, sai ya fara duba fuskata tukuna, ya ga ko na yamutsa ta.

Riƙe min bakin labulen nan in ja layi.